Gini ba a watsa masa fitila haka kawai, ku zo ku ga yadda ake yi a Liyon

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da yamma. Ƙarfe biyar da rabi ne kacal amma kun ga duhu ya rufa, haka hunturun Faransa yake, kuma yanzu agogonmu ɗaya da na gida. Ina birnin Liyon a bakin kogin Saône, bari in juya kyamarar ku ga cocin Fourvière can saman tudu. Ku kalli yadda hasken ya bi ginin, ko ina ya fito amma ba ka ganin fitilar kanta, ba ta kashe maka ido. Wallahi wannan abin ne ya hana ni sukuni tunda na fara aiki da masu haska gine-gine a garin nan, murna nake yi kuma raina na ɓaci in na tuna gida.

Toh abin da ya burge ni shi ne, kafin a sayi ko kwan fitila ɗaya an riga an ga ginin da daddare a kwamfuta. Manhajar da muke aiki da ita sunanta DIALux evo, wani kamfani ne a Lüdenscheid ta Jamus yake yinta, kuma kyauta ce jama'a, kyauta, ka sauke kawai, sai dai Windows take so kuma in kwamfutarka mai rauni ce za ka sha zaman jira. Akwai Relux ta mutanen Suwizalan, akwai AGi32 da Amurkawa suka fi amfani da ita, ita wannan sai ka biya, ni dai ban ga abin da zai kai ni can ba.

Za ka shigo da zanen ginin ka tada shi, ka faɗa mata bangon nan dutse ne ko siminti ko fenti, don farin bango yana maido haske jar ƙasa kuma shanye shi take yi. Sai ka ɗauko fayil ɗin fitilar daga kamfanin da ya ƙera ta, ana ce masa IES ko LDT, a ciki aka rubuta yadda fitilar take watsa haskenta ta kowace kusurwa kamar yadda aka auna. Ka dasa ta a ƙasa, ka karkata ta, ka zaɓi mai tsukakken haske digiri 10 in hasumiya za ka bi har sama, ko mai faɗi digiri 60 in bango ne shimfiɗaɗɗe, ka danna lissafi. Can sai ginin ya fito da launuka, inda haske ya yi yawa launi daban inda ya gaza launi daban, har adadin luks, wato ma'aunin yawan hasken da ke sauka a kan wuri, take ba ka. Jiya ogana ya sa na matsar da fitila ɗaya kusa da bango da ɗan taku biyu, sai ga duk sassaƙar da ke jikin dutsen ta taso da inuwarta, kai ka ce lalle ne aka zana a hannun amarya. Ni na yi wannan da hannuna, kuma da muka je muka kafa haka ya fito.

A nan ne fa raina yake ɓaci. Ku tuna adon bangon da ke fadar Zazzau, ku tuna Gidan Makama a Kano, tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, zankwayen da ke saman soraye, ga hasumiyar masallacin Agadas da itatuwan nan da suka fito a jikinta. Magina sun yi mana aikin da aka yi shi don inuwa, amma mu sai a samo ƙatuwar farar fitila a kafa ta a kan fol tana kallon bangon kai tsaye, zanen duk ya mutu, ginin ya yi fayau, mai wucewa a babur kuma idonsa ya tafi. Haba! Farin nan mai shuɗi-shuɗi kelbin 6500 ne a ma'aunin launin haske, bai dace da jan bango ba sam, ku nemi 2700 ko 3000 mai ruwan ɗorawa. Na yi wayarin shekaru a gida, na san masu hannu suna nan birjik, kayan gwajin ne ba mu saba da su ba.

Su mutanen Liyon ba yau suka fara ba, tun 1989 garin yake da tsarinsa na haske, kuma duk 8 ga Disamba suna bikin fitilu wanda asalinsa tun 1852 ne da mutane suka jera kyandir a tagoginsu. Lokacin bikin ɗakin otal ba ya taɓuwa, ko kofi a tsaye sai ka ba da yuro uku, ni shayina nake zuwa da shi a fulas, da citta da kanumfari irin na gida. Kuma duk son haskensu doka ta ce a kashe fitilun jikin gini in ƙarfe ɗayan dare ta yi.

Yanzu gargaɗina ga ƙannena masu wayarin. Kar ka yarda da fitilar da ba ta da fayil, za ka ga an rubuta wat 200 a kwali alhali ba ta kai ba, in ka sa fayil ɗin wata fitilar ka yi lissafi da shi kanka ka yaudara, mai gida kuma kai zai kama. Na biyu ƙura. Manhajar tana da wani adadi na raguwar haske saboda datti da tsufa, yawanci 0.8 ake bari, to wannan na ƙasar da ruwan sama ke wanke gilashi ne, mu da ƙurar hunturu ke rufe komai sai ka sa adadin ya yi ƙasa da haka. Fitilar waje kuma kar ta gaza IP65, wato lambar da ke nuna kariyarta daga ƙura da ruwa, in ba so kake damina ɗaya ta cinye ta ba. Mai kyau a nan sai ta haura yuro 300 guda ɗaya, shi ya sa ba a saye da ka.

In da mai hoton gaban masallacin unguwarsu ko soron gidansu da awon tsayi da faɗi, ya turo min dan Allah, zan zauna ranar Lahadi in gwada a gabanku. Bari in gudu, yatsuna sun ƙage kuma motar unguwarmu ta kusa tashi.