Jawabi kan ciwon damuwa a taron Zazzagawa mazauna Ingila

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana Zazzagawa, barkanmu da wannan zama.

Da yawanmu an taɓa bugo mana waya daga Tudun Wada ko Sabon Gari a ce wance ta daina cin abinci, ko wane ya kulle kansa a ɗaki, a turo kuɗin ruƙiyya. Sai mu tura, mu ce Allah ya sauwaƙe. Sau da yawa abin da ke damunsu ciwon damuwa ne, kuma likitoci suna da yadda suke gane shi: baƙin ciki da mutuwar jiki kusan kullum har mako 2 ko fiye, abin da mutum yake so a da ya fita masa a rai, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa. Mai jego takan zauna da jariri a cinya tana hawaye, dangi suna cewa iska ce. Idan har mutum ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar.

Magani ba iri ɗaya ba ne. Akwai zama da ƙwararre, a riƙa warware mugun tunanin da ke ce wa mutum ba shi da amfani. A nan Ingila kana iya neman wannan da kanka a NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati. Akwai ƙwayoyi irin su fluoxetine da amitriptyline. A nan ne muke yin asara, jama'a. Ƙwayar takan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma ana so a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware. Mu kuwa da zarar Hajiya ta fara dariya a waya, sai kuɗin magani ya tsaya. Addu'a kam ba mai hana ta, a haɗa ta da likita.

Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ranka ya daɗe Shugaba, roƙona shi ne a ware wani kaso daga asusunmu domin kuɗin mota da na magani, a biya har likita ya ce a daina. Wassalamu alaikum.