Ɗan ƙudan da ya nuna yadda furotin ke sauyawa

Ku dubi wannan ɗan ƙudan mai jajayen idanu da ke shawagi a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sunansa a kimiyyance Drosophila melanogaster, tsawonsa kusan milimita 3 ne kacal. Tun a 1910, lokacin da Thomas Hunt Morgan ya ci karo da wani namiji mai fararen idanu a ɗakin gwajinsa, masana gado suka riƙe shi kam. Abin da za mu tambaye shi yau shi ne: idan furotin ya sauya daga zuriya zuwa zuriya, dace ne kawai, ko zaɓin yanayi ne ke da hannu, wato yadda masu halin da ya fi taimaka musu rayuwa da haihuwa ke barin zuri'a mafi yawa?

Furotin sarƙa ce ta amino asid, su kuma iri 20 ne. DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, tana rubuta kowane ɗaya da haruffa uku, haɗin haruffan kuwa ya kai 64. Ke nan amino asid guda kan samu rubutu fiye da ɗaya. Don haka idan aka yi kuskure wajen kwafar DNA, ko dai amino asid ya canza, ko kuma kuskuren ya wuce shiru, furotin bai ji ba bai gani ba. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, shi ne ma'aunin.

A 1983 Martin Kreitman ya karanta kwafi 11 na ƙwayar gadon Adh, wadda ke haɗa furotin da ke narkar da barasa a jikin ƙudan. A sashen da ke rubuta furotin ya samu wurare 14 da suka bambanta, amma 13 na shiru ne. Da dace ne kaɗai ke aiki, da yawancinsu sun canza amino asid. To ina sauran suka shiga? An share su. Ƙudan da furotin ɗinsa ya lalace ba ya barin zuri'a mai yawa, sai kuskuren ya bi shi. Yawancin aikin zaɓin yanayi shara ce.

Motoo Kimura na Japan ya riga ya faɗa tun 1968 cewa galibin sauye-sauyen da ke tsira daga wannan shara ba su da amfani ba su da illa, sa'a ce ke yaɗa su. A 1991 John McDonald da Kreitman suka gwada wannan magana a kan ƙwayar gadon Adh ta jinsi uku na ƙudan: melanogaster, simulans da yakuba. Dabarar mai sauƙi ce. Idan sa'a ce, yawan masu canza furotin idan an gwada da na shiru zai zama ɗaya, a cikin jinsi guda da kuma tsakanin jinsi da jinsi.

A cikin jinsi sun ƙirga 42 na shiru, 2 masu canza furotin. Tsakanin jinsunan kuwa, 17 na shiru, 7 masu canzawa. Daga 2 cikin 44 zuwa 7 cikin 24! Wannan rarar ba ta yi kama da sa'a ba. Sauyi mai amfani ba ya daɗewa yana yawo, nan da nan yake game jinsin duka, shi ya sa ake ganinsa tsakanin jinsi da jinsi, ba a cikin jinsi guda ba.

A 2002 Nick Smith da Adam Eyre-Walker suka faɗaɗa lissafin zuwa ƙwayoyin gado da dama, suka kiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na amino asid da suka bambanta simulans da yakuba zaɓin yanayi ne ya kafa su. Yawan ƙudajen ya taimaka: a cikin miliyoyi, ko amfani ɗan ƙanƙani ne yakan rinjayi sa'a. Furotin da suka fi saurin sauyawa sun haɗa da na garkuwar jiki, masu kokawa da ƙwayoyin cuta, da na ruwan maniyyin namiji.

Sai dai ƙirga ba ta faɗin dalili. An daɗe ana cewa furotin Adh na melanogaster ya sauya ne don ƙudan ya jure barasar ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Labari mai daɗin ji. A 2017 Mohammad Siddiq da Joseph Thornton da abokan aikinsu suka sake ƙera tsohon furotin na kakannin ƙudan, suka saka shi a jikin ƙudaje masu rai. Wajen narkar da barasa, tsohon bai gaza na yanzu ba.