Lacca: Sa idon majalisa da tambayar da ba a cika yi ba

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da war haka.

Zan fara da tsarin mulki, don kada wani ya ce doka ce ta hana 'yan majalisa aiki. Sashe na 88 na kundin 1999 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon bincikar duk hukumar da ke kashe kuɗin da suka ware, ya kuma faɗi dalili: a tona cin hanci, da rashin iya aiki, da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ce su kira kowa ya ba da shaida, in ya ƙi zuwa a ba da takardar kamo shi. Abu uku ne sashe na 88 ya ce a tona, amma na farkon kaɗai muke ji.

Kun tuna Janairun 2012, da aka cire tallafin mai ƙasa ta ɗauki zafi. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin Farouk Lawan, aka riƙa nuna zaman a talabijin, manyan 'yan kasuwar mai suna ta kame-kame. Kwamitin ya gano cewa naira biliyan 245 aka ware wa tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2.5. Aiki ne babba, ko da yake shugaban kwamitin shi ma daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar dala 500,000, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2024.

To a watan Afrilun da aka miƙa wannan rahoto, a cikinsa ne Shugaba Jonathan ya je Gagi a Sakkwato ya buɗe makarantar farko cikin makarantun tsangaya na zamani, waɗanda daga baya suka haura 150. Nan nake so mu ɗan daɗe. A ce ba a saci ko kwabo ba wajen gininsu, tambayoyi ba su ƙare ba. Almajirai nawa suka shiga, nawa suka kai aji shida? Alarammomi sun yarda sun kawo ɗalibansu, ko sun ga kamar za a raba su da tsangayarsu ne? Da aka miƙa wa jihohi, wa ya ɗauki nauyin abinci da albashi? Wannan shi ne tantance manufa: an yi abin don a magance wata matsala, shin ta ragu? Jaridu sun sha nuna wasu makarantun a kulle. A 2023 kuma an kafa sabuwar hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ni a ganina, amsoshin tambayoyin nan ya kamata kowane ɗan majalisa ya riƙe a hannu kafin ya ce "na amince".

Me ya sa mai ke samun kwamiti da kyamara, ilimi kuma sai dai ziyarar gani da ido? A harkar mai akwai adadi ɗaya mai tayar da hankali, akwai wanda za a nuna da yatsa, gobe jarida ta buga. Ilimi kuwa sai yaro ya shekara shida kafin a ga sakamako, shi kuma ɗan majalisa wa'adinsa huɗu ne. Noma ma haka. An ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na ba ƙananan manoma bashi a Kebbi a 2015, an tara dalar shinkafa a Abuja a 2022, amma ko girbin ƙaramin manomi ya ƙaru saboda bashin, sai an bi gona gona da awo za a sani.

Wasu ƙasashen sun rubuta wannan a tsarin mulki ƙarara. A Suwizalan, sashe na 170 ya ɗora wa majalisa alhakin tabbatar da an auna tasirin matakan gwamnati. Faransa ta ƙara irin wannan a sashe na 24 a 2008. Namu kalmar "rashin iya aiki" ta isa madogara. Abin da ya rage shi ne kwamiti ya samu ma'aikatansa masu bincike da kuɗin tafiyarsa, domin ana yawan ƙorafin cewa hukumar da za a duba ita ke biyan mota da masauki.

Na ga an miƙo mini takarda lokaci ya yi, sai mu shiga tambayoyi.