Fita da Yara: Duwatsun Damagaram da Inuwar Gawo

Malam: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Damagaram muke gaishe ku. Hajiya, na ji an ce ranar Lahadi kin kwashi yara kun hau dutse.

Hajiya: Mun hau, Malam, kuma ba wani nisa muka yi ba. Duwatsun nan ne na wajen unguwar Birni. Da sanyin safiya muka fita, da gorar ruwa da ɗan dabino. Autana, shekararsa shida, da ya kai sama sai ya yi shiru yana kallon gari. Na nuna masa wajen fadar Sarki, na nuna masa unguwar Zango. Na ce masa garin nan ne babban birnin ƙasar Nijar har 1926, kafin a koma Yamai. Wallahi a nan aka haife shi, amma bai taɓa ganin garinsu daga sama ba.

Malam: Allah Sarki! Kin gaya masa dutsen da ya taka shi ne dai shimfiɗe a ƙarƙashin gari?

Hajiya: Yayarsa ce ma ta tambaya me ya sa ruwa ke mana wuya. Na ce ta dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta gaya mini wa zai haƙa rijiya a cikinsa. Nan take ta gane.

Malam: Ni nawa hanyar Mirriya na bi da su bara, lokacin hunturu. Muka ajiye mota muka shiga gonaki a ƙafa. Abin da ya dame ni, Hajiya, babban ɗana ya kasa bambance kurna da magarya. Ya san sunan ƴan ƙwallo tuli, bai san aduwa ba. Sai na zaunar da su gindin gawo, na ce su duba: rani ne amma ganyensa shar, da damina kuwa zubar da shi yake. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero na samun rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, awaki kuma su ci ƴaƴansa.

Hajiya: To, ƙarangiya fa?

Malam: Ta yi mana aiki! Silifa suka sa, laifina ne. Ƙaramar ta yi ta kuka ina cire mata ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya: Ai takalmi rufaffe dole ne. Kuma iyaye, don Allah, kada yaro ya zura hannu a kogon dutse, kunama da maciji nan suke fakewa. Idan rana ta fara ɗagawa a sauko, dutse saurin ɗaukar zafi gare shi.

Malam: Mako mai zuwa dajin Takeita nake so mu gwada, ta hanyar Maraɗi.

Hajiya: Ka biyo ta gidanmu ka ɗauki nawa. Ni zan dama fura.