Darasin Tuƙin Jirgi: Daga Zariya Zuwa Filin Sojan Sama na Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba nisa za mu yi ba. Daga ƙaramin filin jirgin Zariya za mu tashi, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, mu sauka a filin sojan sama na Kaduna, can wajen Mando. A miƙe kilomita 60 ne da 'yan kai. Jirgin koyo mai gudun kilomita 185 a awa, minti 20 da ɗan ɗoriya ya kai ka. To kusancin nan shi ke rudar ɗalibi, don kafin ya gama daidaita jirgi a sama, lokacin shirin sauka ya yi. Duk abin da ba ka shirya a ƙasa ba, babu lokacin shirya shi a hanya.

Mu fara da izini, don a nan aka fi tuntuɓe. Takardar tafiya da ka shigar wa masu kula da sararin sama, wato NAMA, ba ita ce izinin sauka ba. Ku riƙe wannan da kyau. Ita sanarwa ce cewa ga jirgi kaza zai bi hanya kaza. Fili kuwa na soja ne, su ke cewa zo ko kada ka zo, kuma tun da sauran kwanaki ake nema. Ka tanadi lambar jirginka mai farawa da 5N, da irin jirgin, da sunan duk wanda zai shiga, da abin da zai kai ka, da lokacin isa. In an ba ka, rubuta shaidar a allon da ke kan cinyarka, kada ka ce ai za ka tuna. In lokacin isarka ya canza, ka sanar tun injin bai tashi ba.

Mai kuma, kada ka sa rai za ka samu a can. Ɗauki na zuwa da na dawowa, da rarar minti 30 da doka ta ce da rana. Ni dai ba na barin ɗalibina ya tashi sai da rarar awa guda.

Sai yanayi. Karɓi rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi, ka dubi nisan gani. Mai tuƙi da ido yana bukatar kilomita 5. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo na da wata yaudara: ka leƙa ƙasa ta taga, ga gonaki, ga shanu, har ɗan kiwo kana gani tar, amma ka dubi gaba sai ka ga kamar an shanya farin zane. Gaban nan kuwa shi kake bukata. Da damina ka yi sammako, don hadari ya fi haɗuwa bayan azahar.

To mun tashi, mun fuskanci kudu da ɗan karkata yamma. Babban titin Zariya zuwa Kaduna da layin dogo su ne 'yan rakiyarka. Amma wajen tsakiyar hanya akwai Jaji, inda ake horar da sojan ƙasa, kuma layin da ka ja a taswira kusan ta kansa ya ratsa. Wurin da ake atisayen harbi ba a bi ta kansa da ka. Duba taswirarka, karanta sanarwar NOTAM ta ranar, wato gargaɗin da ake fitar wa matuƙa, in hasumiyar kula da jirage ta ce ka kauce, kauce.

Yanzu ga abin da na fi so ku ji. Kaduna filin jirgi biyu gare ta. Babban filin fasinja yana arewa maso yamma da gari, in ka fito daga Zariya ta hannun damanka zai ɓullo. Na soja kuwa a jikin gari yake, gidaje sun kewaye shi. Na taɓa zama kusa da wani ɗalibina a rana mai hazo, na ga hannunsa yana karkata sanda dama a hankali, idonsa ya kafe a kan wani dogon titin jirgi da ya hango. Bakinsa na magana da hasumiya ɗaya, jirginsa na nufar ɗaya filin. Na ce, "Malam, dubi kamfas ɗinka." Ya duba, ya yi shiru, gumi na bin wuyansa. Tun daga ranar nake sa kowa ya faɗi alamu biyu da baki kafin ya rage tsawo: ina gari yake, me kamfas ya nuna.

Da ka kusato, kira hasumiya da wuri, ka faɗi ko kai wane ne, inda kake, tsawon da kake, da cewa kana da izini. A filin nan ake koya wa hafsoshi tuƙi da ƙananan jirage irin su Super Mushshak, don haka wanda ke gabanka wataƙila ɗalibi ne kamarka, yau ya fara tashi shi kaɗai. Salon saukarsu ma daban ne, sukan zo kai tsaye ta saman titi da gudu, sannan su yi kwana mai kaifi su shiga zagaye. Ka baza ido sama da gefe, ba gaba kaɗai ba.

In rediyo ya mutu, sa 7600 a tiransifonda, na'urar da ke aika lambar jirgi ga masu kula da sama, ka dubi fitilar hasumiya. Kore a tsaye, sauka. Ja a tsaye, ka ba wani jirgin hanya ka ci gaba da zagaye. Ja mai ƙiftawa, kada ka sauka. In kuwa ya mutu tun kana nesa, shawarata ka juya Zariya, inda aka san jirginka.

Bayan ka sauka, bi hanyar da aka ce kawai, ka tsaya inda mai ba da hannu ya tsayar da kai. Kashe injin, ka zauna har wani ya iso wurinka. Waya ta zauna a aljihu, ba a ɗaukar hoto a nan. Katin shaida da lasisi su kasance a hannu, naka da na wanda ka ɗauko. Kafin ka bar gindin jirgin, tambayi ƙarfe nawa za su bar ka ka tashi, ka lissafa da faɗuwar rana a Zariya.

A darasi mai zuwa za mu ɗauki kiran rediyon wannan tafiya ɗaya bayan ɗaya, tun daga neman tada injin. Ku zo da taswira da fensir. Sai mun haɗu.