An Karya Farashin Cuku a Kanti: A Jido Ko a Bari?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Duk wanda ke zaune a Birtaniya ya san wannan yanayin. Ka shiga babban kanti da niyyar sayen burodi da madara, ka bi ta layin firji, sai idonka ya faɗa kan takardar rangwame a ƙasan wani ƙaton curin cuku. Jiya kuɗinsa kaza, yau an zabge. Hannu ya kai, zuciya na cewa ɗauki biyu, ai yara na ci. To kafin a jefa a kwando, mu tsaya mu yi magana a kan abin da ya sa farashin ke sauka, da kuma abin da zai faru da wannan cukun bayan ya kwana ashirin a gida.

Mu koma baya kaɗan. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a watan Fabrairun 2022, kuɗin iskar gas ya tashi, taki ya yi tsada, abincin shanu ya yi tsada. Manomin da ke kiwon shanun madara a Ingila ko Wales ya ga kuɗin da yake kashewa ya yi sama, dole kamfanonin sarrafa madara suka ƙara masa. Zuwa ƙarshen 2022, lita ɗaya ta madara a ƙofar gona ta haura peni 50, wato rabin fam. A watan Maris na 2023 tsadar kayan abinci a ƙasar ta kai kusan kashi 19 cikin ɗari a shekara guda, abin da aka yi shekaru fiye da 40 ba a gani ba. Daga nan sai abin ya juya. Madara ta yawaita a kasuwa, kuɗin da ake biyan manoma ya faɗo ƙasa da peni 40. A watan Afrilun 2023 kantin Tesco ya rage kuɗin babbar robar madara daga fam 1.65 zuwa fam 1.55, cikin 'yan kwanaki Sainsbury's da Aldi da Lidl suka bi sahu. Man shanu ya biyo baya, sannan cuku.

Me ya sa cuku ya zo a ƙarshe? Saboda cuku tsohuwar madara ce. Madarar da kuka saya yau, shekaranjiya tana jikin saniya. Amma cukun ceda, wanda shi ne aka fi ci a Birtaniya, kuma ya samo sunansa daga wani ƙauye a yankin Somerset, sai ya kwanta a ma'ajiya. Mai sauƙin ɗanɗano yakan yi kamar wata 3, mai ƙarfi kuwa wata 9 zuwa shekara ko fiye. Kuma kilo ɗaya na cinye kusan lita 10 ta madara. Ke nan cukun da ke kan kanta yau da madarar watannin baya ko ta bara aka yi shi, a farashin wancan lokacin. Shi ya sa idan madara ta faɗi, sai an yi haƙuri kafin sauƙin ya iso layin cuku.

Akwai kuma wani dalilin da ba shi da alaƙa da gona. Kantunan nan gasa suke yi, kuma sun san kayan da mutane suka haddace kuɗinsu: madara, ƙwai, burodi, cuku. Sai a sauke waɗannan don ka shigo, a ci riba a sauran kayan da za ka cika kwando da su. Wani rangwamen ma sai mai katin kantin ne ke samu, kamar Clubcard a Tesco ko Nectar a Sainsbury's. Ban ga laifin cin moriyar wannan ba, amma a shiga da ido buɗe.

Ku dubi wannan 'yar takardar da ke jikin kanta. Babban rubutun shi ne kuɗin ƙunshin. Ƙaramin da ke ƙasa, wanda yawancinmu ba ma karantawa, shi ne kuɗin kilo ɗaya, kuma shi ne alƙali. Bari in ba da misali da lissafi mai sauƙi. A ce ƙunshi mai giram 400 fam 3 ne, kilonsa ya kama fam 7.50. Babba mai giram 900 kuma fam 5.40, kilonsa fam 6. Babban ya fi araha, ba musu. Amma a ce kashi ɗaya cikin uku na babban ya lalace an zubar. Giram 600 kuka ci a kan fam 5.40, kilo ya koma fam 9. Garin neman ƙiba an samo rama. Duk ribar sayen cuku da yawa tana rataye ne a kan abu guda: a cinye shi duka.

Kafin mu bar kanti, abu ɗaya da ya shafe mu Musulmi. Ana daskarar da madara ta zama cuku da wani sinadari da ake kira renet. A asali daga tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, yanzu kuwa yawancin ceda na kantunan Birtaniya ana yin sa da wanda ba na dabba ba. Ku juya bayan ƙunshin, za ku ga alamar da ke nuna ya dace da waɗanda ba sa cin nama. Cukun famesan na asali na Italiya, Parmigiano Reggiano, dokarsa ta wajabta renet na maraƙi. Malamai sun yi magana a kan hukuncin wannan, kowa ya tambayi malaminsa, amma ya kyautu mutum ya san abin da ya saya kafin ya cika firiza da shi.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wane irin cuku ne? Mutanenmu na Nijar sun riga kowa sanin amsar. Cukun da Buzaye da Fulani ke yi, falle-falle, ana shanya shi a kan tabarma har ya bushe ƙayau. Ya yi watanni ba firji, a ci da shayi ko a daka a fura da dabino. Shi kuwa ɗanyen cukun Fulani da ake daskararwa da ruwan tumfafiya, wanda ake kira wagashi a Benin da Ghana, in ba a tafasa ko an soya ba, kwana kaɗan ya juya. Madara ɗaya ce, bambancin ruwa ne. Ƙwayoyin da ke ɓata abinci ruwa suke bi.

Haka abin yake a kantin Turawa. Famesan ruwansa kusan kashi 30 ne cikin ɗari, ga gishiri, shi ya sa yake daɗewa. Ceda bai kai kashi 40 ba. Mozarela mai laushi, wadda ke zuwa a cikin ruwa, fiye da rabinta ruwa ne. Farin cuku mai gudaji-gudaji da ake kira kotej kuwa kusan kashi 80. Saboda haka masu tauri, irin su ceda da gauda da famesan, su ne na saye da yawa. Masu laushi irin su cukun Faransa da ake kira biri (Brie) da kamamba (Camembert) da cukun shafa wa burodi, ko kyauta aka kusa ba ku, ku ɗauki na mako ɗaya kawai.

An kawo gida. Idan ƙunshin a rufe yake yadda ya fito daga kamfani, an zuƙe iskar ciki, kar ku buɗe shi. A haka zai kai ranar da aka rubuta a jiki, sau da yawa watanni. A lura da rubutun ranar ma: wanda ya ce “best before” maganar daɗi yake yi, wanda ya ce “use by” maganar lafiya yake yi, shi ba a ƙetare shi.

Matsala tana farawa ranar da aka sa wuƙa. Na taɓa sayo curi mai kusan kilo ɗaya a lokacin rangwame. Muka buɗe, muka yanka, aka naɗe bakin ledar aka mayar ƙofar firji. Kowa ya zo ya kama da hannu ya yanki nasa. Bayan mako biyu na ɗaga ledar, cikinta ya yi gumi, gefe ɗaya ya yi santsi, ga ɗigo-ɗigon kore a inda yatsu suka fi taɓawa, ɗaya gefen da iska ke shiga kuma ya bushe ya tsattsage kamar sabulu. Abin ya dame ni ƙwarai, don a gidan da na tashi ba a zubar da abinci. Daga ranar na sauya yadda nake yi.

Ga yadda nake yi yanzu, ku kalli hannuna. Wuƙa mai tsabta, katako busasshe. Na raba curin gida huɗu, kowane yanki abin da za mu iya cinyewa a mako ɗaya zuwa biyu. Wanda za a ci yanzu na naɗe shi da takardar nan da ake shimfiɗawa a tiren gashi, sannan na sa shi a roba mai murfi. Takardar tana tsotse gumin, tana barin cukun ya ɗan sha iska, robar kuma tana hana shi bushewa. Leda mai mannewa ita kaɗai tana kulle danshi a fuskar cukun, a nan funfuna ke samun gindin zama. Duk lokacin da takardar ta jiƙe, a canza ta.

Wajen ajiya kuma, a guji ƙofar firji, don nan ne ya fi ɗumi, ana buɗewa ana rufewa. Aljihun kayan lambu na ƙasa ya fi, sanyinsa ba ya hawa da sauka. Firjin ya zauna a digiri 5 ko ƙasa da haka. Sannan cuku yana da maiƙo, maiƙo kuwa yana kwasar wari. Wanda ya ajiye shi a buɗe kusa da daddawa ko bandar kifi ko yankakkiyar albasa zai ji su a burodin safe. Ceda da aka kula da shi haka zai yi mako 3 zuwa 4 bayan buɗewa.

To idan funfuna ta fito fa? A kan mai tauri, ba sai an zubar duka ba. A yanke wurin da faɗi, a bar aƙalla santimita 2 da rabi kewaye da tabon da kuma ƙarƙashinsa, kar wuƙar ta ratsa ta cikin funfunar, a sake sabuwar takarda. Saiwar funfuna ba ta iya nutsawa da nisa a cuku mai tauri. A mai laushi kuwa, ko wanda aka riga aka goge, ko aka yanka falle-falle, abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ya bazu. Wannan sai shara. Kuma ba kowane fari ne funfuna ba. Tsohon ceda yakan fitar da wasu fararen ƙwayoyi masu ƙaras-ƙaras a haƙori. Ku murza da yatsa: in ya yi tauri kamar gishiri, alamar cukun ya nuna ne, lafiya lau. In ya yi laushi kamar auduga, funfuna ce.

Ina roƙon 'yan'uwa mata masu juna biyu su saurari wannan. Akwai ƙwayar cuta mai suna listeriya da ke iya hayayyafa ko a cikin sanyin firji, kuma tana da haɗari ga abin da ke ciki. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana shawartar mai ciki ta guji masu laushi da farin ɓawo irin su biri da kamamba, da masu laushi masu shuɗin zane, sai dai in an dafa su sun yi zafi sosai. Masu tauri irin ceda ba su cikin wannan hanin.

Sauran yanka ukun nan fa? Firiza. Amma a san abin da sanyi ke yi wa cuku. Ruwan da ke ciki yana zama ƙanƙara, ƙanƙarar tana farfasa jikinsa, idan ya narke sai ya riƙa marmashewa a ƙarƙashin wuƙa. Ɗanɗanon yana nan, yankan ne ba zai yi kyau ba. Dabarar ita ce a goge shi tun kafin a daskarar. Abin goga kuɓewa ma ya wadatar. A barbaɗa ƙaramin cokali na garin masara mai laushi, a girgiza don kar ya dunƙule, a zuba a ledar firiza kamar giram 200 kowace, a matse iskar, a baje ta ta kwanta, a rubuta kwanan wata. A digiri 18 ƙasa da sifili zai yi har wata 6, ko da yake ni na fi son a gama da shi cikin wata 3. Ranar da za a yi taliya ko fiza ko wainar ƙwai, a ɗebo daga firiza kai tsaye a watsa, zafin girki zai narkar da shi. In kuma curi aka daskarar, a sauko da shi firji ya kwana, kar a bar shi a kan teburin kicin, kuma wanda ya narke ba a mayar da shi. Gogaggen na kanti ya fi tsada a kilo, ga shi an riga an zuba masa sitaci, gara mutum ya goge nasa.

Cukun halumi na ƙasar Saifurus yana jure firiza sosai, mozarela mai tauri ta fiza ma haka. Cukun shafawa da kotej kuwa sukan tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Ɓawon famesan ma kar a yar, a jefa a miya ko romo yana tafasa, a tsame kafin a zuba.

Masu kallonmu daga Kano ko Abuja ko Yamai da ke sayen irin wannan cukun a manyan kantuna, lissafinku ya ɗan bambanta, saboda wuta. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 in ba a buɗe ba. Firiza cikakkiya takan kai kwana 2, wadda take rabi kwana 1. In unguwarku ana kwana biyu ba wuta, kuma babu sola ko janareta, ku sayi ƙaramin ƙunshi mai tauri, na mako ɗaya, ku bar babban a kanti ko nawa aka rage.

A shiri na gaba za mu duba man shanu, wanda shi firiza ba ta yi masa komai. Sai mun haɗu, a huta lafiya.