Wa Zai Iya Cin Zaɓe? Tambayar da Ke Danne 'Yan Takara Tun Ba a Fara Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Daga birnin Des Moines na jihar Iowa nake magana da ku. A cikin mota na zauna yau, domin iskar da ake yi a waje ba za ta bari ku ji muryata ba.

Kawuna ne ya kira ni daga Zariya shekaranjiya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, mun ji a rediyo an ce an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, har an san wanda zai gaji Trump. To, ke nan an gama?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, yawancin waɗanda ake kiran sunansu ko fitowa ba su yi sun ce suna so ba." Ya yi dariya ya ce to me ake ƙirgawa? Wannan tambayar tasa ce ta sa na kunna kyamara.

Babban zaɓe sai ranar 7 ga Nuwamba, 2028. Gyara na 22 na tsarin mulkin Amurka ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu, saboda haka Trump ba zai iya sake tsayawa ba, jam'iyyun biyu duka sai sun nemi ɗan takara. Shi ya sa tun yanzu kamfanonin jin ra'ayi suke ta jera sunaye: JD Vance da Marco Rubio a ɓangaren Rifablikan, su Gavin Newsom, Kamala Harris, Pete Buttigieg da Alexandria Ocasio-Cortez a ɓangaren Dimokurat.

A gida mun saba daliget ne ke taruwa a fili ɗaya, kamar yadda aka yi a Abuja a 2022, kafin gari ya waye an san gwani. Nan ba haka ba ne. Talakawa ne ke fitowa su jefa ƙuri'a, jiha bayan jiha, tun daga hunturu har zuwa watan Yuni. Tunda abin a hannun jama'a yake, kowa na son ya san abin da ke ransu tun da wuri, masu kuɗi da 'yan jarida da su kansu 'yan takarar.

Tambaya iri biyu ake yi wa mutane. Ta farko mai sauƙi ce: wa kake so? Ta biyu ita ce ke damuna: wa kake ganin zai iya kayar da ɗan takarar ɗaya jam'iyyar? A ta farko zuciyarka ake tambaya. A ta biyu an maishe ka mai duba, ana so ka faɗi abin da miliyoyin mutanen da ba ka taɓa gani ba za su yi bayan shekara biyu.

Mu koma baya kaɗan ku ga yadda irin wannan duba take ƙarewa. A 2007, kusan duk shekarar, Rudy Giuliani ne kan gaba a Rifablikan. Shi ne magajin garin New York lokacin harin 11 ga Satumba, babu gidan da ba a san fuskarsa ba, kuma ana ta cewa shi ne zai iya da Hillary Clinton, wadda ita ma ta ba sauran 'yan Dimokurat rata mai nisa. An riga an gama rubuta labarin zaɓen 2008: Giuliani da Clinton. Da aka fara jefa ƙuri'a ta gaske, Giuliani ko jiha ɗaya bai ci ba, ya janye a ƙarshen Janairu bayan ya sha ƙasa a Florida. John McCain da Barack Obama ne suka kara a Nuwamba.

Jeb Bush ma haka a farkon 2015. Ɗan shugaban ƙasa, ƙanen shugaban ƙasa, tsohon gwamnan Florida, ƙungiyar da ke mara masa baya ta tara sama da dala miliyan 100. A Fabrairun 2016 ya tattara ya koma gida. Na baya-bayan nan kuwa da idona na gani. Ron DeSantis ya sake cin gwamnan Florida a Nuwamban 2022 da ratar kusan kashi 19, aka ce ga wanda zai iya ci ba tare da rigingimun Trump ba. Duk gundumomi 99 na jihar nan ta Iowa sai da ya taka. Ranar 15 ga Janairu, 2024, da aka yi zaɓen fidda gwani na Iowa, a cikin wani sanyin da ke daskarar da numfashi a gashin baki, Trump ya sami kashi 51, DeSantis wajen 21. Ba a yi mako ba ya janye.

Me ke jawo haka? Da farko dai, ƙuri'ar da aka yi da wuri sanin suna take aunawa. Ka kira mutum yana tsakiyar dafa abincin dare, ka karanto masa sunaye goma, uku kawai ya taɓa ji. Dole cikin ukun zai ɗauka. Shi ya sa a farkon 2003 Joe Lieberman ya kasance kan gaba a Dimokurat, don kawai shi ne ya yi wa Al Gore mataimaki a takarar 2000. A tsakiyar 1991 kuwa, 'yan Amurka nawa ne suka san wani gwamnan Arkansas mai suna Bill Clinton? A farkon shekarar farin jinin Bush babba ya kai kashi 89 bayan yaƙin Tekun Fasha, manyan 'yan Dimokurat irin su Mario Cuomo ba su shiga takarar ba. Clinton ya shiga, ya ci.

Sai kuma yadda ake yin aikin kansa. Ni ma an taɓa kirana. Wata baiwar Allah ce, muryarta a gajiye, tana karanto tambayoyi daga kwamfuta, na ji ƙarar maɓallan da take dannawa duk lokacin da na amsa. Ta tambayi shekaruna, karatuna, ko na yi rajistar zaɓe, sannan ta shiga jero sunaye. Da na ce wani ban san shi sosai ba, sai ta ce, "To, idan dole ne ka zaɓa fa?" Na zaɓa. Wannan amsar tawa ta rabin zuciya ita ma an zuba ta cikin lissafi. Yawanci mutum dubu ɗaya ake tambaya a duk faɗin ƙasa, kuma su da kansu suna rubuta cewa lissafin na iya karkata da kashi 3 sama ko ƙasa. Idan aka ware 'yan jam'iyya ɗaya kawai, su 400 ko makamancin haka, karkatar ta kai kashi 5. Don haka idan kun ji an ce wane 24, wane 21, ba wanda ya san wa ke gaba. Ga shi kuma mutane sun daina ɗaga waya. Cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 ne ke amsa kiranta, zuwa 2018 abin ya faɗo kashi 6.

Da a ce abin ya tsaya a hira ne kawai ta talabijin, da ban damu ba. Amma waɗannan lambobi suna da haƙora. A 2015 da su aka zaɓi mutum goma da suka hau babban dandalin muhawarar farko ta Rifablikan, sauran aka ba su ƙaramar muhawara da yamma. A 2019 Dimokurat suka ce sai ka sami kashi 1 a ƙuri'u uku, ko mutum 65,000 sun ba ka gudummawa, kafin a ba ka makirfo, daga baya kuma suka yi ta ɗaga ma'aunin. Mai kuɗi ba ya zuba dalarsa kan wanda ke kashi 2. Ɗan jarida ba ya bin wanda ba shi da kuɗi. Wanda jarida ba ta bi kuwa, ta ina za a san shi har lambarsa ta tashi? Haka mutum nagari zai shuɗe ba a ma ji ta bakinsa ba.

Akwai abin da na gani a 2019 wanda har yau yake ci mini rai. Kowane watan Agusta ana babban bajekolin jiha a nan Des Moines, kwana 11, mutum sama da miliyan ke zuwa, 'yan takara kuma ba sa fashi. Wani gidan talabijin na garin nan kan kafa rumfa, ya jera kwalabe, kowace da hoton ɗan takara. A ba ka ƙwayar masara ɗaya, ka jefa a kwalbar wanda kake so. Ina tsaye a layi, a gabana wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, mun ɗan taɓa hira. Ta riƙe ƙwayar tsakanin yatsunta biyu, ta kai hannu saitin kwalbar Elizabeth Warren, ta tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta matsa ta jefa wa Joe Biden. Na ce, "Baba, na ga kamar can hannunki ya fara nufa." Ta ce, "Ita nake so, yaro. Amma mazan Michigan da Wisconsin ba za su zaɓi mace ba." Na tambaye ta ko ta san wani a can. Ta ce a'a, a talabijin ta gani.

Ba ita kaɗai ba ce. A wannan shekarar kamfanin Ipsos ya tambayi 'yan Dimokurat da 'yan ba-ruwanmu. Kusan uku cikin huɗu suka ce su ba su da matsala da mace ta zama shugabar ƙasa, amma ɗaya cikin uku ne kawai ya yarda maƙwabtansa ma haka suke. Kun ga inda gizo ke saƙa. Kowa ya yarda, kowa kuma yana zargin na kusa da shi bai yarda ba, sai a taru a ƙi. Kuma wa wannan tsoron yake faɗawa a kai? Mata, baƙar fata, Musulmi, 'ya'yan baƙi irin 'ya'yanmu da ake haifa a nan. 'Yata tana aji huɗu, malamarsu ta ce musu duk wanda aka haifa a ƙasar nan zai iya zama shugaban ƙasa. Ba na so ta girma ta tarar masu ƙaunarta ne da kansu za su fara ce mata ta haƙura, wai wasu ba za su yarda ba.

Obama ya sha wannan. A 2007 baƙaƙen fata da yawa, musamman manya, Hillary Clinton suke bi, domin sun ɗauka fararen fata ba za su taɓa zaɓensa ba. Sai ga Iowa, jihar da sama da kashi 90 na mutanenta fararen fata ne a lokacin, ta ba shi nasara ranar 3 ga Janairu, 2008. Cikin 'yan makonni lissafi ya juye. Ranar 26 ga wata ya cinye Carolina ta Kudu da kusan kashi 55. Mutumin bai canza ba, manufofinsa ba su canza ba. Abin da mutane ke zato game da junansu ne ya canza.

Kada ku ce na ce ƙuri'ar jin ra'ayi ta da wuri ba ta taɓa faɗin gaskiya. Tana faɗa. George W. Bush da Al Gore sun yi gaba tun 1999, kuma su suka sami tikiti. Trump ma a 2023 haka. Biden kansa da wannan hujja ya tsaya. Matarsa Jill ta fito fili a New Hampshire a Agustan 2019 ta ce wa malaman makaranta, ko da wani ya fi mijinta a wata manufa, su duba wanda zai ci. Ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, aka fara yi masa ta'aziyya. Jim Clyburn, ɗan majalisa mai faɗa a ji a Carolina ta Kudu, ya ɗaga hannunsa, Biden ya ci jihar, bayan kwana uku ya kwashe jihohi 10 cikin 14, kuma ya kayar da Trump a Nuwamba. Wannan karon masu lissafi sun dace.

Amma da irin wannan lissafin aka ɗauki John Kerry a 2004 aka ajiye Howard Dean, Kerry ya faɗi. Da shi aka ɗauki Mitt Romney a 2012, ya faɗi. A 2016 kuwa, wanda masana suka haɗa baki cewa ba zai taɓa ci ba shi ya shiga Fadar White House. A 2024 ƙuri'u da yawa sun nuna Nikki Haley, abokiyar takarar Trump a Rifablikan, ta fi shi ƙarfi idan aka gwada su da Biden, 'yan jam'iyyarta suka yi kunnen uwar shegu da lambobin, Vermont da birnin Washington kaɗai ta ci, wanda suke so ɗin kuma ya je ya ci zaɓe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ni dai ga shawarar da na yanke. Idan aka sake kirana aka tambaye ni wa nake so, zan faɗa da gaskiya. Idan aka ce wa zai iya ci, zan ce su wuce wannan tambayar. 'Yan'uwanmu masu katin zaɓe a Bronx, Columbus, Houston, Atlanta da sauran garuruwa, ina roƙonku ku je ku saurari mutanen nan da kunnenku, me suke cewa kan kuɗin haya, asibiti, takardun zama, da yaƙe-yaƙen da ake yi da harajinmu. Idan suka fara zagayen Iowa, da yardar Allah zan bi su ɗakunan taro da gidajen shan shayi in ɗauko muku, har da waɗanda ke kashi 1, domin su ne ba za ku gani a talabijin ba.

Lokacin ɗauko yara daga makaranta ya yi. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.